Wasiƙa a buɗe ga likitocin fiɗa da ma'aikatan jinya masu gyaran fatar ciki bayan tiyatar rage ƙiba



Ina rubuto muku ne a kan mara lafiyar da take zuwa wajenku bayan an yi mata tiyatar rage ƙiba. Ta sauke kilo 40 ko 50, suga ya daidaita, gwiwoyi sun huta, amma fatar da ta shekara da shekaru a miƙe ta ƙi komawa. Ta zubo ta rufe mara, wani lokaci har ta kai cinya, ƙarƙashinta kuma gumi ne da ƙaiƙayi da saɓa. Maza ma suna zuwa, amma mata sun fi yawa, shi ya sa zan riƙa cewa "ita". Buƙatarta ta gaskiya ce. Duk wanda ya kira ta son kwalliya bai taɓa ɗaga wannan fatar ya ga abin da ke ƙarƙashinta a watan Afrilu ba.

Yankan kansa tsohon aiki ne. Tun 1899 Howard Kelly ya cire irin wannan fatar a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, kuma a 1967 Ivo Pitanguy na Brazil ya wallafa bayanin ɗaruruwan da ya yi. Sai dai yawancin ƙwarewar an tara ta ne a jikin matan da haihuwa ta sakar wa ciki, masu cikakken tumbi da lafiyayyen hanji. Wadda ke gabanku daban ce. Ko dai an yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbinta an bar shi siriri, ko an yi mata baifas, wato an ware ɗan aljihu a saman tumbin an haɗa shi da ƙaramin hanji, abinci yana tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. A ido tana da jiki. A gwaji kuwa, sau da yawa za ku tarar jikin ba shi da abin da zai haɗe miki da shi. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin ba a ɗakin tiyata ake cin nasarar wannan aiki ko a faɗi ba. Ana yin hakan ne a watannin da suka gabace shi, da kuma sati shidan da za ta yi a gidan da ba ku taɓa shiga ba.

Ku fara da sikeli. Nauyi yakan tsaya ne tsakanin wata 12 zuwa 18 bayan tiyatar farko, kuma ana so ya zauna wuri ɗaya na wata uku zuwa shida kafin a taɓa fatar. Tela ba ya yanka yadi alhali mai rigar tana kan ramewa. In kun yi gaggawa, za ta ƙara sauke kilo goma fatar ta sake saki, ga kuɗi sun tafi, ga tabo ya zauna. Za a matsa muku. Za ku ji, "Likita, don Allah a taimaka a yi kafin bikin 'yata," ko a ce hutun aiki zai ƙare. Amsar ita ce, "Hajiya, ba yanzu ba," tare da dalili da ranar da za ta dawo a sake aunawa. Wanda ya ce a'a kawai ya juya baya, ya tura ta ne wajen wanda zai ce to.

Sai jini da abinci, kuma nan nake so ku fi daɗewa. Farkon ƙaramin hanji ne ya fi tsotse sinadarin ƙarfe, shi ne kuma wurin da baifas ke tsallakewa. Bitamin B12 yana buƙatar ruwan tumbi kafin jiki ya karɓe shi, tumbin kuma an rage. Ga jinin al'ada kowane wata. An ce mata ta sha ƙwayoyin bitamin har ƙarshen rayuwa, amma da ta ji sauƙi, kuɗin magani kuma ya yi nauyi, sai ta ajiye. Idan kuka tambaye ta, "Kina shan maganinki?" za ta ce tana sha, don kunya. Ku tambaye ta, "Yaushe rabonki da sayen wani kwalin?" Ku auna yawan jini, da ajiyar ƙarfe ta jiki, da B12, da bitamin D, da furotin na cikin jini, wata biyu ko uku kafin ranar aiki, ba saura kwana uku ba, domin gyaran yana cin lokaci. Wadda hanjinta ba ya tsotse ƙwayar ƙarfe, a ba ta ta jijiya. Kada a shiga da ita da ƙarancin jini a dogara da cewa za a ƙara mata leda biyu. Fatar da za a cire tana iya kai kilo da yawa, kuma da jininta take tafiya.

Ana so ta samu aƙalla giram 60 na furotin a rana, da ƙari a lokacin warkewa. Wannan adadi ba ya nufin komai a kunnenta sai kun mayar mata da shi kwano. Ƙwai ɗaya giram shida ne ko kusa da haka, don haka magana ce ta ƙwai goma ko makamancinsu, a cikin da loma kaɗan ke cika shi. In ta fara da tuwo ko shinkafa, wuri ya ƙare. Ku ce ta fara da kifi, kaza, hanta, wake, awara, kindirmo marar sukari, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, tuwo ya biyo baya. Ta raba shayi da lokacin cin abinci, domin yana rage tsotsar ƙarfe. In asibitinku yana da masanin abinci, ya gan ta kafin ku sa rana.

Akwai tambayoyin da ba a yi a gaban miji ko uwar miji. Sigari da shisha suna tsuke ƙananan jijiyoyin da fatar da kuka ɗaga kuka ja za ta rayu da su, kuma ana so a bar su aƙalla sati huɗu zuwa shida kafin aiki, a ci gaba da bari bayansa. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin tana ƙara haɗarin daskarewar jini. Allurar rage ƙiba irin su Ozempic tana jinkirta saukar abinci daga tumbi, dole likitan sa barci ya sani. Ku sallami 'yan rakiya cikin mutunci, ma'aikaciyar jinya mace ta zauna da ita, za ta faɗa. A wannan zaman ne kuma za a yi maganar haihuwa. Gyaran ciki ba ya hana ɗaukar ciki, amma juna biyu yana iya warware ɗinkin naman ciki ya sake miƙa fatar. Wadda take son ƙarin 'ya'ya gara ta jira, ko a tsaya ga cire fatar da ta zubo kawai in ita ce ke cutar da ita. Ku kuma laluba ƙaba a cibiya da wuraren tsohon yanka, ku tambayi ciwon da ke nuna tsakuwa a maɗaciya, domin saurin ramewa yana kawo ta.

Ku nuna mata hoton tabo na gaskiya a baƙar fata, na wata uku da na shekara guda. Tabon yana tafiya daga ƙugu zuwa ƙugu, in kuma fatar ta yi yawa a faɗi har sai an ƙara yanka a tsaye, to mahaɗar yankan biyu a saman mara ita ce ta fi saurin buɗewa. Ku duba kunnenta da kafaɗarta ko tana da tabo mai tsirowa ya yi tudu, abin da ya fi yawa a fatarmu. Abin da ta sani tun kafin a yi, za ta iya haƙuri da shi.

A kan aikin hannu ba ni da abin da zan koya muku, illa in tuna muku cewa abin da ya fi kisa a wannan tiyata shi ne gudan jini da ke taruwa a ƙafa ya wuce zuwa huhu. Gyaran ciki yana cikin ayyukan gyaran jiki da suka fi wannan haɗari. Ku auna haɗarin kowace da ma'aunin Caprini, ku ba da allurar tsinka jini ga wadda ta cancanta, ku tashe ta ta taka a daren aikin ko washegari. Kuma kada ku haɗa ciki da cinya da hannu da ƙirji a zama ɗaya don a rage kuɗin ɗakin tiyata. Kowace awa a kan tebur tana da farashinta a jikin da ba shi da ajiya.

Yanzu gida. Takardar sallama da aka kwafo daga wani littafi tana cewa kada a ɗaga kaya mai nauyi na sati shida, a sa ɗamarar ciki, a dawo in an ga matsala. Ba ta san gidan Hajiya ba. Ku tambaya: masai na tsuguno ne ko na zama? Wa ke ɗebo ruwa, wa ke ɗaukar yaro, wa ke daka? A ƙasa take kwana ko a gado? Sati ɗaya zuwa biyu za ta yi tana tafiya a ɗan duƙe, tana kwana da filo ƙarƙashin gwiwa da bayan kafaɗa. Tashi daga tabarma da tsuguno da yunƙurin bayan gida duk suna jan ɗinki, ga ƙwayar ƙarfe da masu ƙarfin maganin ciwo suna taurara bayan gida. Kujerar masai da maganin laushin ciki sun fi wata doguwar nasiha amfani.

Ku yi mata maganar sallah da kanku, kada ku jira ta tambaya. Mata da yawa za su yi ruku'u da sujada da sabon ɗinki su yi shiru. Addini ya yi wa mara lafiya sauƙin yin sallah a zaune ko a kwance, ya kuma ba shi damar ajiye azumi ya rama. Ku faɗa mata ranar da kuke ganin za ta iya komawa sujada, kuma in da hali kada a sa aikin a bakin Ramadan, domin mai ƙaramin tumbi ba ta iya shan ruwan yini guda tsakanin magariba da sahur.

Abu biyu kuma ina roƙonku ku rubuta su da manyan baƙaƙe, ku karanta wa mai jinyarta, ba ita kaɗai ba. Na farko ruwan zafi. Mun saba da gashi, mun gaji wankan jego, kuma duk wata gwaggo mai ƙauna za ta zo da tawul da tafasasshen ruwa don ta rage kumburi. Fatar da ke tsakanin cibiya da ɗinki ba ta jin zafi na watanni, saboda an yanke ƙananan jijiyoyinta. Za ta ƙone har ta sale, mai ita ba ta ji ba. Na biyu maganin kyamis. Wadda aka yi wa baifas ba ta shan diclofenac ko ibuprofen da danginsu, domin suna iya haifar da olsa a mahaɗar tumbi da hanji, har ta yi jini ko ta huje. Su ne kuwa farkon abin da yaron kyamis zai miƙo wa wanda ya ce ciwon ɗinki. Haka ma lemon kwalba da kunu mai sukari da 'yan dubiya ke kawowa: suna iya sa mata jiri da zufa da bugun zuciya.

Robar zuƙe ruwa a koya wa mai jinya yadda ake juye ta da rubuta adadi kullum. Akan cire ta in abin da ke fita ya sauka ƙasa da mililita 30 a awa 24. Taruwar ruwa ƙarƙashin fata ita ce matsalar da aka fi gani, don haka in ciki ya yi lugub-lugub bayan an cire robar, ta dawo a zuƙe a asibiti. Ɗamarar kuma ta samu biyu, tana wanke ɗaya tana sa ɗaya, domin zafin Sakkwato ko Maiduguri da ya haura digiri 40 ba ya barin ɗamara ɗaya ta kwana uku da tsabta.

Zazzaɓi bayan tiyata ba maleriya ba ne har sai an buɗe bandeji an duba. Ciwon ciki mai tsanani da amai a jikin mai baifas ba ciwon ɗinki ba ne har sai an tabbatar hanji bai murɗe ba. Kumburin dambubun ƙafa ɗaya, ko sarƙewar numfashi, ko ciwon ƙirji, ba a jira gari ya waye da su. Mutanen Najeriya ba su manta da Stella Obasanjo ba, wadda ta rasu a Sifen a watan Oktoba na 2005 bayan tiyatar zuƙe kitse, kotu a Malaga kuma ta samu likitan da laifin sakaci a 2009. Matar shugaban ƙasa ce a lokacin. Ku ba mara lafiyarku lambar waya da ake ɗauka da ƙarfe biyun dare, ku faɗa mata asibitin da za ta nufa kai tsaye.

Saura waɗanda ba ku kuka yi musu aikin ba. Da yawa a Istambul ko Alƙahira ko Delhi ko Dubai aka yi musu, suka hau jirgi na awanni da sabon ɗinki, wasu tun kafin kwana 7 zuwa 10 da hukumar lafiya ta Ingila ke cewa a jira, sannan su bayyana a ɗakin gaggawa da miki a buɗe ba takarda ko ɗaya a hannu. Na san abin yana da ciwo a ce an tsallake ku an tafi waje, sai da ta lalace a tuna da ku. Amma faɗa da gori a bakin gado su ne ke sa ta gaba ta ɓoye nata mikin a gida har ya ruɓe. Ku karɓe ta, ku tambayi wace irin tiyatar rage ƙiba aka yi mata da yaushe, ko an sa raga a cikin, wane magani take sha, ku auna jininta a ranar. In kuma wata ta zo neman shawara kafin ta tafi, ku yi mata duk gwaje-gwajen nan a gida, ku ce ta dawo da rubutaccen bayanin aikin, ku sa mata ranar da za ku duba mikin a satin da ta sauka.