Motsi Ko Kamanni: Yadda Ya Kamata a Auna Mutum-mutumin Tagulla

Yawancin mutane idan suka tsaya gaban mutum-mutumi, abin da suke fara tambaya shi ne ko ya yi kama da mutum sosai. Wannan ma'auni bai wadatar ba, musamman ga aikin da aka ɗauko daga rawa. Mai rawa ba a san shi da hanci ko yawan yatsu ba. Da karkatar wuya da lanƙwasar ƙugu da ɗagawar ƙafa ake gane shi. Saboda haka gwanintar mai zubin tagulla tana ga yadda ya kama motsin da ido ke gani sau ɗaya ya wuce.

Aikin Ben Enwonwu, wanda aka haifa a Onica a 1917 ya rasu a 1994, ya isa hujja. Tsakanin 1954 da 1955 ya ƙera Anyanwu, wato "idon rana" da harshen Ibo, domin gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Legas. Siffar mace ce sanye da adon sarautar Benin, ta karkato gaba, hannuwanta sirara a buɗe. Daga ƙugu zuwa ƙasa jikin yana ta tsukewa har ya ƙare da tsini, babu ƙafafu ko kaɗan. Wanda ya zo neman kamanni zai ce an yi kuskure, domin babu macen da aka halitta haka. Amma wannan tsukewar ce ke sa mai kallo ya ji kamar tana tasowa daga ƙasa. Da an ba ta ƙafafu biyu masu kauri, da ta tsaya cik. A 1966 Nijeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya kyautar wani zubin na wannan aiki.

Ita ma tagullar, wadda haɗin jan ƙarfe ce da kuza, tana da nata rabon. Ana fara siffanta jikin da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a ɗura narkakken ƙarfe a gurbin da ya bari. Da wannan dabara maƙeran Ife da Benin suka yi aiki tun ƙarnoni da dama. Kaki yana bin yatsa da sauri, don haka yana karɓar lanƙwasa kafin ta kuɓuce wa mai aikin. Ƙarfen kuma yana iya ɗaukar nauyin jiki a kan siririn idon sawu, inda dutse zai karye. Edgar Degas na Faransa ya bar 'yan rawarsa a kaki, wasu a tsaye kan ƙafa ɗaya, sai bayan mutuwarsa a 1917 aka zuba su da tagulla.

Akwai masu cewa irin wannan sassauci yana buɗe wa rago ƙofa, ya ɓata siffa ya kira ta fasaha. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai Enwonwu ya nuna ya iya kamanni lokacin da ya yi mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1957, ke nan da gangan ya sauya jikin Anyanwu. Malamin da ya saba koya wa ɗalibai kambamar zulaƙe a waƙa ba zai sha wahalar bayyana wannan ba: ya sa ɗalibi ɗaya ya kwaikwayi tsayuwar siffar a gaban aji, sauran su faɗi inda nauyin jikinsa ya koma da inda zai jefa ƙafa nan gaba.