Gidan baƙi a Agadas: a auna zurfin ruwa kafin a tsunduma

Duk sa'ad da aka ce ƙura ta lafa a arewa, sai wata tsohuwar magana ta taso a rumfunan kasuwar Magarya da ofisoshin Dungas: wai mai ƴan kuɗi ya gina masauki a Agadas, ya riƙa ba Turawa masu yawon buɗe ido haya kwana-kwana, abin da ɗaki guda zai kawo a mako ya fi hayar wata a Damagaram. Maganar tana da daɗin ji. Amma ɗan kasuwar da ya tara jarinsa da wake da riɗi, da ma'aikacin da ya dogara da kuɗin sallamarsa, ya kamata su tambayi tarihi kafin su sayi buhun siminti ko guda.

Babu mai musun cewa Agadas tana da abin nunawa. Hukumar UNESCO ta sa duwatsun Ayar da hamadar Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991, ta ƙara da tsohon birnin Agadas a 2013, da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa mai tsawon mita 27. A shekarun 1980 gasar motoci ta Pari zuwa Dakar ta sa sunan garin a bakin duniya, mutane irin su Mano Dayak suka kafa kamfanonin kai baƙi cikin sahara, direbobi da maƙeran azurfa da masu masauki suka ci moriya.

To, me ya biyo baya? Tawayen da ya ɓarke a farkon shekarun 1990 ya kori baƙi, har UNESCO ta sa Ayar da Tenere cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari tun 1992. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, Nijar ta yi wa Bature araha, amma arahar ba ta cika ɗakuna ba, domin mai neman hutu ba ya zuwa inda ake harbi. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilun 1995 harka ta farfaɗo, jiragen haya daga Faransa suka riƙa sauka Agadas kai tsaye. Sai tawayen MNJ na 2007 zuwa 2009 ya sake rufe ƙofa. Gasar Dakar ta yi ƙaura zuwa Kudancin Amurka a 2009, aka sace ma'aikatan kamfanin Areva a Arlit a 2010, ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu da su ƙaurace wa yankin. A 2025 ma an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas, ɗaya a Janairu, ɗaya a Afrilu.

Wannan tarihi yana nuna cewa hayar kwana tana tsaye ne bisa abubuwa uku da ba sa hannun mai gida: tsaro, da jirgin sama, da yanayi. Ko a shekarar albarka, baƙon sahara ɗan hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wata 4 kwana 120 ke nan; in ɗaki ya samu baƙo rabin wannan lokaci, kwana 60 ne za su biya mai gadi da ruwa da wuta da gyara da haraji na wata 12. Ga kuma nisa: daga Damagaram zuwa Agadas ta Tanut ya haura kilomita 400, balle daga Dungas. Dukiyar da mai ita ba ya gani, wakili ke sanin daɗinta.

Abin mamaki, sana'ar saukar baƙi ta gajeren lokaci Bahaushe ya gaje ta kaka da kakanni. Fatoma yana ba falke ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa a kan bashi. Baƙon fatoma ba ya jiran jirgin Pari. Yana zuwa ne saboda raken Bande, da waken Dungas, da dabbobin da ake kora wa kasuwar Maigatari ta jihar Jigawa kowace Alhamis. Gaskiya ne iyaka ma tana da nata ciwon: Najeriya ta rufe ta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sake datse ta tsawon watanni. Bambancin shi ne, ɗakin da ke Magarya in fatake sun ɗauke ƙafa, malamin makaranta ko ma'aikacin duwan zai karɓe shi hayar wata, ko a mai da shi wurin ajiyar wake har farashi ya tashi. Masaukin da aka ƙawata don Bature kuwa, in Bature bai zo ba, sai ƙura da gara.

Wannan ba kira ba ne na a juya wa Agadas baya. Mutanenta da suka san hanya da harshe da baƙi su ne suka fi cancantar riƙe wannan sana'a, kuma haƙƙin hukuma ne ta mayar musu da abin da suka rasa. Jawabin minista a bikin gishiri na Ingal ba ya cika ɗaki. Abin da ke cika shi shi ne hanya mai kyau, da tsaron da baƙo zai yarda da shi, da takardar fili wadda ba za a tashe ta gobe ba. Kafin waɗannan su samu, duk dillalin da ya zo da lissafin riba, a tambaye shi lissafin shekarar da ba a ga baƙo ko ɗaya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.