"Pass": Kalmar da Ta Kusa Sa Mu Zaman Makoki



Wata ranar Alhamis ina tsaka da aikin safe a asibiti a nan Gusau, wayata ta yi ta ruri a aljihu. Da na samu sarari na duba, sai ga kira tara daga gwaggona ta Bungudu. Ina kiran ta na jiyo koke-koken mata a tsakar gida. Ta ce, "Ɗiyata, an ce ƙanenki ya rasu. Ga shi nan an rubuto a waya."

Ɗanta ne da ke bautar ƙasa a Kudu. Na ce maza a turo mini saƙon. Abokinsa ne ya rubuto da Turanci: "He passed out today." Yarinyar maƙwabta 'yar aji biyu a sakandare aka ba ta karanta, ita kuwa "passed away" kunnenta ya saba ji. Ni kaina da na karanta, raina ya ba ni suma ya yi. Sai da na yi minti ashirin ina neman layin abokin kafin ya ɗauka. Ashe yaron nan lafiyarsa ƙalau, takardar kammala hidimar ƙasa ya karɓa a ranar. Wayarsa ce ba caji, ya ce abokinsa ya yi wa gida albishir.

Shi ya sa yau na ajiye zancen allura, mu ɗan zauna kan wannan kalma.

Asalin ma'anar "pass" ita ce wucewa. Mota ta wuce, lokaci ya wuce. Idan sakamakon WAEC ko NECO ya fito aka ce yarinya ta yi "pass", ta ci jarrabawa ke nan. Idan an ce "pass me the cup", miƙo kofi ake nufi. Duk wannan ba wuya. Rikicin yana cikin 'yar ƙaramar kalmar da ke bin bayanta.

"Pass away" rasuwa ce, lafazi ne na ladabi, kamar yadda muke cewa wane ya riga mu gidan gaskiya. "Pass on" ma takan ɗauki wannan ma'ana. Ita kuwa "pass out" fuska biyu gare ta. A bakin likita suma ce. A wajen sojoji, 'yan sanda da masu yi wa ƙasa hidima kuma, yaye ne bayan kammala horo ko aiki. Tun 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar NYSC, kuma a da mutanen Tsafe sun daɗe suna ganin 'yan bautar ƙasa da kakinsu a sansanin garin. Mako uku a sansani, sauran shekarar a bakin aiki, sannan ranar "passing out". Ranar murna ce.

A asibiti ne na fi son ku buɗe kunne. Ba kowane ma'aikaci ke jin Hausa ba, wasu likitocin bautar ƙasa ce ta kawo su. "Pass urine" yin fitsari ne. "Pass stool" bayan gida ne. Idan an yi miki tiyatar haihuwa aka tambaye ki ko kin yi "pass gas", tusa ake nufi, kuma ba wulaƙanci ba ne. Ana son a san ko hanjinki ya koma aiki.

Na taɓa karɓar wata baiwar Allah daga wani ƙauye na wajen Tsafe, ɗanta kwana biyu yana gudawa. Likita ya tambaye ta da Turanci ko yaron ya yi fitsari, ta gyaɗa kai don kar a ce ba ta ji ba. Da na sake tambayar ta da Hausa, sai ta ce rabonsa da fitsari tun daren jiya. Nan take aiki ya canja, muka sa masa ƙarin ruwa. Yaron da ke gudawa ya yi awa shida zuwa takwas bai yi fitsari ba, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Ki ci gaba da ba shi nono da ruwan gishiri da sukari na ORS, ki nufi asibiti. Haka jariri sabon haihuwa: ana son ya yi fitsari cikin awa 24, ya kuma yi baƙin kashin nan na farko mai danƙo kafin awa 48. In bai yi ba, ki faɗa wa ungozoma ko nas, kar ki jira ranar suna.

In kuma "pass out" ɗin na suma ne, a kwantar da mutum, a ɗan ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa tufafi, a ba shi iska. Kar a ɗura masa ruwa ko wani abu a baki, zai iya shaƙewa. Mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu, kuma ko ta farfaɗo a kai ta asibiti. Wanda ya wuce minti ɗaya ko biyu bai dawo ba, ko yake jijjiga, shi ma asibiti ba ɓata lokaci.

Roƙona biyu ne. Na farko, idan ma'aikacin lafiya ya yi miki tambayar da ba ki gane ba, ki ce, "Don Allah a faɗa mini da Hausa." Haƙƙinki ne, kuma matambayi ba ya ɓata. Na biyu, ku gaya wa 'ya'yanku da ke nesa, babban labari, na daɗi ko na akasinsa, su kira ko su aiko da saƙon murya da harshen da kuka sha nono da shi. Ke ma in saƙo ya zo da Turanci, ki kira mai shi kafin ki tara unguwa.

Gwaggo dai ta kwana biyu jininta bai sauka ba, sai da na je Bungudu da abin awo na zauna da ita. Yanzu in jika ya shigo da gudu yana cewa ya yi "pass", sai ta riƙe hannunsa ta ce, "Tsaya, wane iri?"

Allah Ya ba mu lafiya da zuri'a mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.