Na'urar da ba a gwada ba, ba abar dogaro ba ce

Masu masana'antu da yawa sukan ɗauka cewa muddin na'urorin da ke sarrafa zafi da matsi da cikar tankuna ba su taɓa jawo ɓarna ba, to lafiyarsu ƙalau. A ganinmu wannan kuskure ne mai tsada. Amincin na'ura abu ne da ake aunawa da alƙaluma.

Abin da ya faru a ma'ajiyar mai ta Buncefield a ƙasar Ingila ya isa ishara. Ran 11 ga watan Disamba 2005, wani tanki ya cika ya tumbatsa, tururin fetur ya kama wuta ya fashe, mutane fiye da 40 suka ji rauni, aka yi asarar kimanin fam miliyan dubu 1. Bincike ya nuna ma'aunin cikar tankin ya maƙale har sau 14 daga ƙarshen watan Agusta zuwa ranar gobarar, amma ba a bi diddigin dalili ba. Na'urar ko-ta-kwana da ya kamata ta tsayar da kwararar man kuwa, ashe ba ta aiki. Da an tattara waɗannan alƙaluma an nazarce su, da an ga hatsarin tun yana nesa.

Lissafin ba mai wuya ba ne. A ce na'urar tsaro takan mutu sau 1 a shekara 10 ba tare da an lura ba. In ana gwada ta shekara-shekara, yiwuwar a same ta a mace ranar buƙata ya kai kusan kashi 5 cikin 100. In ana gwajin duk wata 6, sai ya ragu da rabi. Irin wannan ƙididdiga ce ƙa'idar duniya ta IEC 61511 ta tanada wa matatun mai da masana'antun sinadarai tun shekarar 2003.

Saboda haka muna kira ga masu kamfanoninmu, daga matatun mai zuwa masana'antun siminti da taki, su tilasta rubuta kowace tangarɗa da ranarta da dalilinta, kome ƙanƙantarta. Bankuna da kamfanonin inshora su ma su riƙa neman wannan kundi kafin su sa hannu a kan wata yarjejeniya. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma kundin gwaji shi ke nuna tsagar tun tana ƙarama.