Kafin Ka Sayar da A-kori-kurarka Ka Sayi Tundra, Tsaya Ka Karanta Wannan



Yau maganar mota za mu yi, amma ka riƙe wayarka a kusa, don akwai aikin da za ta yi mana a ciki.

Idan kana da matsakaiciyar a-kori-kura irin Hilux, Tacoma ko Ranger, wataƙila ka san wannan halin: ka taka totur, motar ta yi shiru kamar tana shawara, sai daga baya ta fizga. Ko kana hawan ɗan tudu, giya ta riƙa sauka tana hawa, ta kasa zama wuri ɗaya. Daga nan sai zuciya ta fara raya maka cewa motar ta yi maka kaɗan, gara ka sayar ka cika kuɗi ka ɗauko babba irin Tundra ko F-150.

Ra'ayina shi ne, mafi yawan masu wannan tunani ba babbar mota suke buƙata ba. Halin motar ne ke damunsu, kuma hali ana iya gyara shi da kuɗin da bai kai ko kusa da cikon sayen wata ba. Abin da saiti ba ya iya canzawa shi ne nauyin da aka ƙera motar ta ɗauka ko ta ja. To a nan ne kawai canjin mota yake da hujja.

Me ya sa take yin nauyin jiki?

A motocin yanzu babu wayar ƙarfe tsakanin totur da injin kamar na da. In ka taka, saƙo ne yake tafiya zuwa ƙwaƙwalwar mota, wadda kanikawa ke ce wa birenbos, ita ce za ta yanke yawan iska da man da za a ba injin. Kamfanoni kuma suna saita ta ne don tattalin mai, shi ya sa take saurin haurawa babbar giya kuma take jan ƙafa wajen saukowa.

Misali mafi shahara shi ne Tacoma ƙirar 2016 zuwa 2023, mai injin V6 lita 3.5 da giya shida mai sarrafa kanta. Injin na da ƙarfin doki 278, ba rago ba ne. Amma masu ita a Amurka sun yi ta ƙorafin yadda giyarta ke kai-komo, har kamfanin Toyota ya fitar da sabuwar manhajar giya ga na farko-farkon. Ka ga ke nan a manhaja matsalar take.

Abin da za ka gwada, daga mai sauƙi zuwa mai tsada

1. Fara da maɓallin da ke gabanka. Tacoma na da ECT PWR, Hilux ta zamani ma tana da PWR da ECO. In ka danna PWR, motar za ta fi saurin amsa totur kuma ta daɗe a giya kafin ta canza. Wani shekara biyu yana tuƙi a ECO yana zagin mota.

2. Ka tambayi motar da wayarka. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da ramin OBD2 a ƙasan sitiyari. Ka nemi ƙaramin sikana ELM327 mai Bluetooth, ka sauke Torque ko Car Scanner, ka haɗa. Duba lambobin matsala, sannan ka duba LTFT, wato gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa yawan mai. In yana wuce kashi 10 cikin 100, akwai abin da ba daidai ba, ko iska na shiga ta wani wuri, ko sensa ta yi datti, ko famfon mai ya yi sanyi. Hilux ma tana da ramin, sai dai wasu tsofaffin ba sa magana da ƙaramin sikana.

3. Gyaran yau da kullum. Ƙurar hunturu tana toshe filtar iska, tana ɓata sensar MAF mai auna iskar da ke shiga injin. A canza filta, a wanke sensar da maganinta na musamman, a duba fulogi, a tabbatar man giyar shi ne wanda littafin motar ya ce. Don Allah kar ka yi saitin manhaja a kan injin da ba shi da lafiya.

4. Dubi tayarka. Da yawanmu muna sa manyan tayoyi don ado. Daga 265/70R16 zuwa 285/75R16, tsayin taya ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100. Tamkar ka tilasta wa motar tashi da giya mafi nauyi ne, kuma maleji zai nuna 100 alhali kana kusan 107. Ka koma girman asali, sau da yawa a nan maganar take ƙarewa.

5. Na'urar totur irin Pedal Commander. A nan ake yaudarar mutane. Ba ta ƙara ƙarfin doki ko ɗaya. Abin da take yi shi ne, in ka taka kaɗan ta gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ka taka da yawa. Za ka ji motar ta yi zafin nama, shi ke nan.

6. Sake rubuta manhajar injin da ta giya. Wannan ne ke gyara kai-komon giya da gaske, kuma shi ne mafi haɗari. Yana iya sa ka rasa garanti. Wasu saitukan an yi su ne don fetur mai ingancin da ba lallai ka samu a kowane gidan mai ba, kuma in mai bai dace ba injin zai riƙa ƙwanƙwasa. Kar ka ba wanda ba zai adana maka manhajar asali kafin ya taɓa komai ba.

To ita babbar fa?

Gaskiya Tundra mota ce. Ƙirar 2007 zuwa 2021 mai V8 lita 5.7 tana da ƙarfin doki 381, tana iya jan abin da ya haura kilo 4,000, alhali iyakar waccan Tacoma kusan kilo 3,000 ne. Ga faɗin kujerun baya, ga natsuwa a doguwar tafiya.

Amma ka yi lissafin mai. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, wannan Tundra mai jan taya huɗu tana shan kusan lita 18 a kilomita 100 cikin gari, Tacoma V6 kuma kusan lita 13. In kana yin kilomita 1,500 a wata, ƙarin lita 75 ke nan. Ka ninka da farashin lita a yau. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ba lissafin wasa ba ne.

Ga kuma abin da dillali ba zai gaya maka ba: girman jiki ba shi ne yawan lodi ba. Tundra CrewMax ta wannan zubin ba ta kai kilo 800 a abin da aka yarje mata ta ɗauka, har da mutanen ciki, alhali Hilux da yawa suna ɗaukar kusan tan ɗaya. In buhunan masara ko siminti ne sana'arka, za ka iya biyan miliyoyi ka koma baya. Ka buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke jikin ginshiƙi, ko ka duba littafin motar.

Sannan faɗinta ya ɗan haura mita biyu, tsawon CrewMax kuma kusan mita 5.8, Hilux kuwa kusan 5.3. Ka tuna da lungun gidanku da gosulon kasuwa. Ka kuma tuna cewa kayan gyaran Hilux da bakaniken da ya san ta sun fi sauƙin samu a garuruwanmu nesa ba kusa ba.

Yaushe ya kamata ka canza?

In abin da kake ja ya wuce iyakar da aka rubuta wa motarka, ka canza, babu ja-in-ja. Babu manhajar da za ta ƙara girman birki, ko ƙarfin sifirin, ko kaurin firam. Wanda ya ƙara wa injin zafi don ya ja lodin da ya fi ƙarfin birkinsa, da ransa da na mutanen hanya yake caca. Haka ma in kullum da manya biyar kake doguwar tafiya, bayan matsakaiciya matsi ne, saiti ba zai faɗaɗa kujera ba.

In kuwa duk ƙorafinka bai wuce "ba ta tashi da wuri" da "giya na damuna" ba, ka bi matakai huɗun farko, ka tuƙa ta sati biyu kafin ka kira dillali. In har yanzu ba ta yi maka ba, aƙalla za ka sayar da lafiyayyar mota a farashi mai kyau.

Wanda ya taɓa tashi daga Hilux ko Tacoma ya koma Tundra, ya gaya mana lita nawa yake zubawa a sati yanzu, don wasu su amfana. Allah Ya tsare mu a hanya.