Kafin a Kira Injiniya, a Karanta Abin da Injin Ya Rubuta

Injinan da kwamfuta ke sarrafawa sun shigo kasuwanninmu ba tare da an yi musu shela ba. A Kano da Kaduna da Abuja yau akwai shagunan da injin CNC ke sassaƙa zanen ƙofa a jikin katako, wasu na yanka haruffan allon talla da hasken leza, ga kuma injinan aiki da ke cika gaban riga a yini guda, aikin da a da sai mai allura ya kwashe makonni a kai. Jari ne mai nauyi. Amma ranar da ɗaya ya ƙi tashi, hirar kusan iri ɗaya ce ko'ina. Yaron shago zai bugo waya ya ce, "Oga, injin ya ƙi." Maigida ya tambaya me ya nuna. Amsar ita ce, "Wani rubutu ne ya fito, na rufe shi."

A wannan rufewar ake tafka asara. Rubutun da aka kawar cikin gaggawa shi ne bayanin da injin ya bayar game da ciwonsa, kyauta, tun kafin a biya wa kowa kuɗin mota. Duk mai koya wa yaro tuƙa irin wannan inji bai kuma koya masa karanta wannan rubutu ba, rabin sana'a ya ba shi.

A ɗauki LinuxCNC, manhajar da ba a sayar da ita, wadda ke tuƙa injinan yanka ƙarfe da katako a ƙananan masana'antu a faɗin duniya. Asalinta daga hukumar ma'aunai ta gwamnatin Amurka, NIST, aka faro ta da sunan EMC, daga baya aka sauya mata suna. Yawancin masu aiki da ita hoton da ke fuskar kwamfuta suke dannawa su jira. Wanda ya san hannunsa kuwa taminal yake buɗewa, wato baƙar tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya rubuta linuxcnc ya danna Enter. Nan take sai layuka su fara gangarowa ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya faɗi lambar sigar manhajar. Na gaba ya nuna daga wace jaka ta ɗauko saitin injin, da sunan fayil ɗin INI mai ɗauke da tsawon tafiyar kowane hannu da iyakar gudunsa. Sai ta shiga loda fayilolin HAL, waɗanda ke cewa wace waya ce ke zuwa wane moto. Idan ta yi tuntuɓe, a nan za ta rubuta sunan fayil, da lambar layin da ta tsaya a kai, da dalili: misali an ambaci wani mahaɗi da babu shi. Bayan haka sai ta sanar cewa tana rufewa tana share bayanta.

Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne tarin layukan da ke biyo baya. Idonsa kan faɗa kan na ƙarshe, alhali na ƙarshen sau da yawa sharar rufewa ce kawai. Kuskuren farko shi ne mai laifi. A gangara daga sama a hankali har a iske layin da magana ta fara ɓaci, a buɗe fayil ɗin da ya ambata, a je lambar layin. Lokacin da aka fitar da siga ta 2.8 a 2020, an sauya sunayen mahaɗai da dama daga axis zuwa joint, kuma injinan da aka sabunta ba tare da an gyara tsohon saitinsu duka ba sun ƙi tashi. Babu moton da ya ƙone, babu katin da ya mutu. Kalma ce a cikin fayil, kuma taminal ta nuna inda take.

Ƙananan injina masu araha da yawa da Grbl suke aiki, manhajar da ke zaune a kan allon Arduino. Ita ma da an haɗa ta da kwamfuta takan gaisa da layi guda mai lambar sigarta. Idan a maimakon gaisuwar aka ga tarkacen alamomi marasa ma'ana, to mai yiwuwa saurin sadarwar ne bai dace ba, domin sigogin baya-bayan nan a 115200 suke magana. ALARM:1 na nufin an taɓa makunnin iyaka, ɗan maɓallin da ke tsayar da inji idan ya kai ƙarshen hanyarsa. A shagon da ke aiki da janareta, ga wayar atin ba a binne ta da kyau ba, wannan ƙararrawa na iya tashi inji na tsakiyar tebur, saboda hayaniyar lantarki ta shiga wayar makunnin. Maganin shi ne gyara wayarin. Abin da wasu ke yi kuwa shi ne su rubuta $21=0, su kashe kariyar gaba ɗaya, kamar bakaniken da ke cire ƙwan fitilar gargaɗin da ke gaban direba don mai saye ya ga mota lafiya lau. Ranar da injin ya zarce iyakarsa da gaske, babu abin da zai tare shi.

Inda wannan ɗabi'a ke kai mutum idan abin ya girma, tarihi ya riga ya nuna. Tsakanin 1985 da 1987, injin Therac-25 na kamfanin AECL na Kanada, wanda ake ƙona cutar daji da shi, ya antaya wa majinyata shida haske fiye da kima a Amurka da Kanada, wasunsu suka rasu. Injin ya saba tsayawa yana rubuta kalmar Malfunction da wata lamba, littafin masu aiki da shi kuma bai fassara lambobin ba. Da yake tsayawar ta yi yawa kuma galibi ba a ganin wata illa, ma'aikata suka saba da danna harafin P su ci gaba. A garin Tyler na jihar Texas a 1986, allon ya rubuta Malfunction 54, a daidai lokacin da majinyacin ke ƙonewa a ɗaya ɗakin. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka wallafa a 1993 ya nuna cewa babban laifin na masu ƙera injin ne. Saƙon da ba a yi wa mai karanta shi bayani ba, da shi da babu duk ɗaya.

A ranar 20 ga Yulin 1969 kuwa, kumbon Apollo 11 na gangarawa duniyar wata sai kwamfutarsa ta buga ƙararrawa mai lamba 1202. A cibiyar Houston, wani matashin injiniya, Jack Garman, yana da takardar da ya rubuta dukan lambobin da hannunsa, da abin da kowace ke nufi. Ya duba, ya gane cewa aiki ne ya yi wa kwamfutar yawa tana zubar da marar muhimmanci, ya gaya wa abokin aikinsa Steve Bales a ci gaba. Aka sauka.

Mai shago zai iya cewa rubutun da Turanci yake, Turancin ma na injiniyoyi, kuma shi bai son yaro ya shiga taɓe-taɓe ya lalata masa saiti. Tsoronsa na da tushe. Sai dai karatu daban, taɓawa daban. Buɗe taminal a kalli abin da ke gangarowa ba ya sauya ko ɗigo a cikin inji. Ko yaron bai fahimci komai ba, zai iya ɗaukar hoton allon tun daga layin farko, ya tura wa injiniya ta WhatsApp, shi kuma ya san ko zai taho da kayan gyara ne ko kuwa magana biyu a waya ta wadatar. Gaskiya ne kuma saƙon ba ya faɗin komai. Idan LinuxCNC ta rubuta joint 0 following error, abin da ta gani kawai take faɗa, cewa hannu na farko bai kai inda aka aike shi a kan lokaci ba. Ko gudun da aka saita ne ya fi ƙarfin moton, ko garin katako ne ya cushe hanya, wannan sai an duba da ido. Amma ta riga ta rage aikin daga inji sukutum zuwa hannu guda.

Nauyin farko na kan masu shigo da injinan da masu girka su. Wanda ya karɓi miliyoyi ya kafa inji, bai kamata ya tafi ba sai ya zauna da mai tuƙa shi ya nuna masa yadda lafiyayyen tashi yake, layi bayan layi, an ɗauki hotonsa an ajiye, domin ranar da abu ya sauya a samu abin kwatantawa. Ya kuma bar takarda a manne a bango mai lambobin ƙararrawa goma ko goma sha biyar da suka fi fitowa, da bayaninsu da Hausa, da alamar waɗanda ba a yarda a wuce su ba sai an kira shi. Injiniyan da ke ɓoye wannan don a riƙa nemansa yana cutar mutumin da ke ciyar da shi. Kwalejojin kimiyya da fasaha irin na Kaduna da Kano, da cibiyoyin koyon sana'a, su ma suna da nasu rabon: a jarrabawar aikin hannu, malami ya ɓata layi guda a fayil ɗin saiti da gangan, ya zaunar da ɗalibi gaban taminal, ya ba shi minti goma sha biyar ya gano layin ya tayar da injin.