LAFIYA UWAR JIKI: Kafin Hannun Maigida Ya Fara Karkarwa

A wannan wata za mu duba ciwon karkarwa, wanda likitoci ke kira Fakinsan, sunan likitan Ingila da ya yi bayaninsa a 1817. Shi ne ya kama zakaran dambe Muhammad Ali a 1984. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 masu fama da shi sun haura miliyan 8.5.

A nan Zango, in hannun dattijo na rawa sai a ce tsufa ne ko sammu. Alhali wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne masu samar da sinadarin dofamin, mai daidaita motsi, suke mutuwa sannu a hankali. Shekaru kafin karkarwa ta bayyana jiki kan ba da alamu, kuma uwargida ce ta fi kusa da ganinsu.

Babbar alama tana cikin barci: mutum ya riƙa ihu, naushi ko shuri cikin mafarki, har ya faɗo daga gado. Sai daina jin ƙanshin turare ko miya, da yawan taurin bayan gida. Daga baya rubutu ya ƙanƙance, murya ta yi ƙasa, tafiya ta yi nauyi, hannu ɗaya ya daina lilo. Alama ɗaya ba ta nufin ciwon, amma in sun haɗu a je asibiti a Daura, a nemi a tura shi ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Katsina ko Asibitin Malam Aminu Kano. Ba a samo maganin warkewa ba, amma maganin levodopa na sassauta shi ƙwarai.

Akwai kuma agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa, mai tsara barci da farkawa bisa hasken rana. Bincike ya nuna dattawan da nasu ya rikice, masu gyangyaɗin rana da ido biyu da dare, sun fi fuskantar ciwon. Don haka a tsayar da lokacin kwanciya, a rage shayin dare da hira har tsakar dare, a sha hantsi, a riƙa tattaki. Mai feshin maganin ciyawa a gona ya rufe hanci da jiki, domin an danganta wasu magungunan feshi da ciwon.

Uwargida, abin da kika gani da dare ki faɗa wa likita, don maigida ba ya sanin yana yi. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.